Mota ɗaya tak: ta kai ka aiki kullum, ta kuma ba ka daɗin tuƙi

Akwai mai sayen mota don ta ɗauke shi daga gida zuwa wurin aiki kawai, akwai kuma wanda tuƙin kansa ne ke faranta masa rai. Da na biyun nake magana, musamman wanda kuɗinsa na mota ɗaya ne. Ita za ta kai yara makaranta da safe, ita za ta shiga cunkoson kasuwa, ita za ta je Zariya ɗaurin aure ran Asabar. Amma yana son in ya taka totur ta amsa nan take, in ya karya sitiyari ta bi hannunsa ba gardama.

Daɗin mota ba ya cikin lambar ƙarshe da aka rubuta a agogon gudu. Ko a titin ekspres, dokar Najeriya kilomita 100 a awa ta yarje wa motar gida, kuma duk motocin da zan ambata sun wuce wannan nesa ba kusa ba. Inda ƙarfin inji ke da amfani shi ne lokacin wuce tirela a titi mai hannu ɗaya, irin wanda kowane daƙiƙa da ka ƙara a hannun masu tahowa haɗari ne. Sai birki mai kamawa, da mota mai zama daram a kwana. Da wannan ma'auni zan auna su.

Kafin sunayen motoci, abu uku ne ke yanke hukunci a ƙasar nan: fetur, zafi da makanike. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, babu mai sayen inji mai silinda shida bai yi lissafin tanki ba. Ba tsadar kaɗai ba ce. A Amurka, inda yawancin tokumbo ke fitowa, fetur aji-aji ne, kuma yawancin motocin gudu mai babban aji suke nema. Mu iri ɗaya ake zuba mana. Injin da ke da tobo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, wanda kuma ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, shi ya fi jin jiki. Kwamfutarsa tana rage masa ƙarfi don ta kare shi, datti kuma yana kashe nozul da famfon mai. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, esi a kunne, mota a tsaye cikin gosulo.

Shi ya sa na fara da Lexus IS 350, ƙirar 2006 zuwa 2013. Injinta lita 3.5 ne, silinda shida, ƙarfin doki 306, ba tobo, kuma tayoyin baya ke jan ta. Dangin injin Camry V6 ne da Highlander da RX 350, saboda haka makaniken Toyota ba zai buɗe bonet ya tsaya yana kallo ba, ko da yake ba kowane kayansu ne ke shiga juna ba. Ita ma littafinta fetur mai babban aji ya nema, sai dai rashin tobo ya sa ta fi haƙuri da namu. Wani abu da dillalai ba sa faɗa: ƙanwarta IS 250, wadda ta fi yawa a kasuwa kuma ta fi araha, doki 204 gare ta, kuma kai tsaye kawai take fesa mai, don haka gawayi ke taruwa a bawul ɗin shigar iska har mota ta fara rawa a tsaye. IS 350 nozul iri biyu gare ta, na kai tsaye da na bakin bawul, kuma na biyun yana wanke wurin. Jikinsu ɗaya, amma ciki ba ɗaya ba ne. In kuɗinka ya kai, kada ka yarda a ce maka duk ɗaya ne.

Tana da nata laifin. Kujerar baya a matse take, dattijo mai babbar riga ba zai gode maka ba in kun yi tafiyar awa uku. Ƙasa take sosai, tudun rage gudu na cikin unguwa sai ka hau shi a karkace. Sannan dashbod ɗin na farko-farko yana narkewa da zafin rana. In ka je duba ta, ɗora yatsa a saman dashbod kusa da gilashi: in ya yi danƙo yana ƙyalli, to da rana zai riƙa haska maka gilashin gaba, kuma canza shi kuɗi ne. Ka duba cikin tayoyin gaba ma, ta gefen da ba a gani daga waje, nan take fara cinye su.

Wadda ta fi kowace cika sunan mota mai daɗi kuma mai amfani ita ce Volkswagen Golf GTI. Tun 1976 aka ƙirƙiro ta don wannan buƙata. Ƙirar 2010 zuwa 2014 ta Amurka lita 2.0 ce mai tobo, doki 200, ta bayanta kuma 210 zuwa 220. A takarda ba ta kai Lexus ba, amma ba ta da nauyi, ƙarfinta kuma tun daga ƙasa yake zuwa, ba sai ka kai allurar juyin inji sama ba. Ba ta kai Lexus shan mai ba. Ka kwantar da kujerun baya, ka loda buhun shinkafa da jarkar mai da keken yaro, but ɗin ya rufu lafiya. A cikin gari babu wadda ta kai ta sauƙin juyawa da ajiyewa.

Duk da haka ba kowa nake ba shawarar ta ba. Kada yawan Golf 3 da ke lodi a tashoshinmu ya sa ka ɗauka wanda ya iya gyaran waccan ya iya wannan. Giyarta ta atomatik, DSG, kulochi biyu ne a ciki, kuma ana canza mata mai da filta duk bayan kimanin kilomita 60,000, da ainihin man da aka yi mata. Wanda ya zuba mata man giyar Toyota ya gama da ita. Ba ta kuma son rarrafen gosulo irin na Mararaba zuwa Nyanya, inda ƙafa ke rabi a birki rabi a sake. Baƙin manta ma na musamman ne, mai lambar VW 502 00 a jikin galan, ba 20W-50 mai kauri da ake ɗura wa kowace mota ba. Babban abin tsoro a na farko-farkon wannan ƙira shi ne abin da ke ɗaure sarƙar taimin, wato sarƙar da ke daidaita motsin bawul da fistin. In ya saki, sarƙa ta yi tsalle, fistin ya doki bawul, inji ya tashi aiki. Saboda haka ka nemi a bar maka motar ta kwana ba a tayar ba, ka zo da sassafe, ka buɗe bonet, wani ya murza makulli kai kana tsaye a gefe. Duk wata ƙarar ƙarfe ta daƙiƙa ɗaya ko biyu a farkon tashi, ka ɗauke ta da muhimmanci. In kana da makaniken da ya san motocin Jamus na zamani, yana da na'urar karanta kwamfutarsu, kai kuma ba mai ɗaga ranar sabis ba ne, GTI za ta faranta maka fiye da sauran. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka haƙura da ita.

BMW 328i ta 2007 zuwa 2011 ita ce mai sitiyarin da ya fi daɗi a hannu, kana jin titi ta cikinsa. Injinta lita 3.0, silinda shida a jere, doki 230, ba tobo. Ita nake fifitawa a kan yayarta 335i mai tobo da doki 300, wadda famfon manta mai matsi ya ba da wahala har kamfanin ya yi kiranye a Amurka a 2010. In a can ya yi haka, ka ƙiyasta nan. Amma 328i ɗin ma mai son kulawa ce: famfon ruwanta na lantarki ne, yana mutuwa ba sallama, gaskit ɗinta suna yoyon mai in ta tsufa, ba ta da sandar auna baƙin mai sai a allo, kuma ba ta zuwa da safayar taya. Mai bin doguwar hanya dole ya sayi taya da jak ya ajiye, su kuma cinye rabin but.

Ga wanda ya iya giyar hannu kuma yake son ta, akwai Honda Civic Si ta 2006 zuwa 2011. Lita 2.0 ce, doki 197, allurar injinta na kaiwa juyi 8,000 a minti, giya shida, ba a yi ta da atomatik ba sam. Mai ƙofa huɗu ta fito daga 2007. A ƙasa-ƙasa tafiya take kamar kowace Civic, mai kaɗan take sha, sai ka haura da allura sannan ta nuna halinta. Samun ta ne aiki, ba ta da yawa a nan. In ka samu, gwada giya ta uku da kyau, a hankali da kuma da sauri, don nan take fara gurzawa.

Mai iyali babba kuwa, gaskiya Camry V6 ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, ko Accord V6 ta 2008 zuwa 2012, sun ishe shi. Kowace tana da doki wajen 268, kowace an yi ta don fetur na gama-gari, kayansu kuma daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka zuwa Apo babu inda ba a samu. A miƙaƙƙen titi ba za su ba ka kunya ba. A kwana ne za ka ji nauyinsu da laushinsu, musamman Camry, sai dai in ka samu mai alamar SE wadda ta ɗan fi tauri. Camry sarƙar taimin gare ta, Accord V6 bel, wanda dole a canza kafin ya tsinke, kuma tsarin Accord ɗin na kashe wasu silinda don rage shan fetur yana sa wasu cin baƙin mai. Mercedes C350 ma ta cancanci dubawa ga mai makanikenta. Toyota 86 da Mazda MX-5 daɗi ne zalla, amma ta farko kujerar bayanta ko yaro ya matsu, ta biyu ba ta da ita. Subaru WRX kuwa masu gyaranta sun yi ƙaranci a Arewa.

In ni za a tambaya: IS 350 ga mai ƙaramin iyali, Camry V6 ga mai babba, GTI ga wanda ya riga ya samu makanikenta tun kafin ya biya kuɗi.

Ko wacce ka zaɓa, irin waɗannan motoci, a hannun masu son gudu suka zauna a can waje, kuma da yawa daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo su. Ɗauki lambar VIN, wato lambar shasin motar, ka biya a binciko maka tarihinta. Ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera ka shinshina, ka duba ko ƙusoshin kujerar sun yi tsatsa. Kunna makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbatar fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu bayan tashi, don akwai masu cire musu ƙwai. In ta taɓa zama a hannun wani a nan gida, tambaya ko an cire mata tamostat, mai daidaita zafin inji, ko an haɗa fanka kai tsaye, domin injinan nan an tsara su ne su yi aiki a wani zafi na musamman. Takardar kwastam kuma a tantance ta kafin kuɗi ya bar hannunka. Sannan kada ka ƙarar da kuɗin duka a saye. Ka ware na sababbin tayoyi huɗu, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT da ke jikinsu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su. Ka ƙara da na takalmin birki da man birki da baƙin mai da filtar iska, a canza su duka a makon farko.