Tsohuwar askar ɗakin gwaje-gwaje: yadda take wasuwa da yadda take aski

Wanda ya gan ta a ninke cikin ƙotarta zai ɗauka askar gemu ce irin ta Turawan da. Sai an buɗe an juya ta ake gane bambancin: gefe ɗaya yana da kwarmi kamar kowace aska, ɗaya gefen kuma shafaffe ne tun daga gadon baya har zuwa baki. Maƙeran Solingen a Jamus da na Sheffield a Ingila sun ƙera irinta da yawa domin masu nazarin tsirrai da ƙananan halittu. Akan matse ganye ko saiwa a cikin totuwa ko karas, a cusa a bututun da ke da faranti a samansa, sannan a kwantar da shafaffen gefen askar a kan farantin a ja, a fitar da yanki siriri wanda haske zai ratsa a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan abubuwa. Ba manyan wuƙaƙen injin yanka irin na kamfanonin Jung ko Leitz ake nufi ba. Waɗancan sun yi nauyi da kauri, ba na fuska ba ne.

Ƙarfen mai kyau ne, yana ɗaukar kaifi yana kuma riƙe shi. Wahalar duk tana wajen wannan shafaffen gefe.

Kafin a saya, a duba bakin a gaban haske. Tsatsar da ke gadon baya ba komai ba ce, amma ƙananan ramukan tsatsa kusa da baki matsala ne, domin duk lokacin da washi ya iso kansu sai bakin ya yi giɓi. A ɗora shafaffen gefen a kan gilashi a danna tsini da gindi: idan tana lilo, ta karkace, kuma karkatacciya tana cin lokaci sosai a kan dutse. Wadda aka san daga sashen binciken naman marasa lafiya ta fito, gara a bar ta. Sauran a wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori, musamman wajen ƙusar ninkewa, a jiƙa ƙarfen a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na minti goma ba tare da ya taɓa ƙotar ba, a shanya.

A askar gemu ta yau da kullum, gadon baya da baki ne kawai ke taɓa dutse, kwarmin tsakiya yana sama, shi ya sa ƙarfe kaɗan ake ci. A nan kuwa, idan aka kwantar da shafaffen gefen, fuskar gaba ɗaya ce ke kan dutsen. Ruwa ya riƙe ta ta manne, hannu ya ƙara ƙarfi don ta motsa, dutse ya kakkarce fuskar, baki kuma bai samu komai ba. Mutum sai ya yi awa guda yana gugar ƙarfen da ba ya aski.

Maganin shi ne salatef ɗin masu gyaran lantarki. A naɗa shi a gadon baya ya rufe ɓangarorin biyu daidai. Kaurinsa kamar milimita 0.18 ne. Askar da faɗinta milimita 19 ne, kaurin bayanta milimita 5, kusurwar bakinta tana wajen digiri 15, kuma kowane ninki ɗaya na salatef yana ƙara mata kusan digiri ɗaya. Ninki biyu ya fi dacewa da yawancinsu: yana ɗaga fuskar daga dutse, ya bar siririn layi kawai a baki, kusurwar kuma ta tsaya wajen 17, wadda fata ke jin daɗinta. Amma a sani, da zarar an yi wa shafaffen gefen wannan layin, askar ta rage amfani wajen aikinta na asali, domin bakinta ba zai ƙara kwanciya daidai a kan faranti ba. Mai son ta don yankan ganye kada ya sa mata salatef.

A shafa baƙar maka a bakin ta gefe biyu, a fara da dutse mai lamba 1000 (ƙaramar lamba dutse mai kaushi, babbar lamba mai laushi), baki a gaba, ana ja a karkace daga gindi zuwa tsini. Bayan ja biyar a duba. Inda tawada ta rage, nan dutse bai kai ba. A nan ake daɗewa, kuma kada a bar wannan dutsen sai askar ta aske gashin hannu a gindi da tsakiya da tsini. Gefen kwarmi yana saurin gamawa, shafaffen yana jan ƙafa. Mai gaggawa sai ya yi ta washin gefe mai sauƙin, ƙarfe ya lanƙwaso ɗaya gefen kamar zare, ya ji kaifi a yatsa, a aski na farko zaren ya karye baki ya dakushe. Idan farce ya ji wannan zaren, a ƙara ja kaɗan marasa nauyi a gefen da zaren yake har ya ɓace. Dutse mai kaushi yana cin salatef, kusurwa ta sauya ba a sani ba, don haka a sabunta shi da ya fara sheƙi, kuma a sake sabo kafin kowane dutse.

Daga nan abin ya yi sauƙi: 4000 har karcen 1000 ya gushe, ja ashirin zuwa talatin a 8000, goma zuwa sha biyar a 12000 da nauyin askar kaɗai. A cire salatef, a goga a fatar washi sau hamsin, gadon baya a gaba, fatar a ɗame. A rubuta adadin ninkin a ajiye tare da askar, domin duk wanda zai sake wasa ta da ƙasa da wannan adadin, dutse ba zai taɓa bakin ba.

A fuska, nauyinta ne ke aiki. Ba ta ƙara kamar sirarar askar mai zurfin kwarmi, ba ta lanƙwasa, gemu mai kauri na kwana huɗu ko biyar yana zubewa ba tare da an danna ba. Rashin ƙarar nan yana ruɗin wanda ya saba, har ya ƙara ƙarfi ya ji ciwo. Idan shafaffen gefen ne ke fuskantar fata, yana mannewa da kumfa ya riƙa tsayawa, musamman a kumatu. Kumfar ta zama mai ruwa-ruwa, a ɗaga gadon baya kamar kaurinsa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wadda tsininta yake da kusurwa tana yankan gefen kunne, a ɗan kashe shi da ja biyu a gefen dutse. Mai gashi murɗaɗɗe ya bi kwanciyar gashin kawai, don aska mai kaifi irin wannan tana yanke shi ƙasa da fata idan an saɓa wa kwanciyarsa, ƙuraje su biyo baya.

Ƙarfen ba ya jure laima. A goge shi ya bushe sarai bayan kowane aski, da damina a ɗiga masa man keken ɗinki. Mai koyon washi ya fara da aska mai kwarmi biyu. Wannan ta wanda ya riga ya iya kafa baki ce, kuma yake da dutsen 1000 da aka daidaita fuskarsa.