Kyauta har abada ko gwajin zango ɗaya: amsa ga mai manhajar makarantu

Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka kafin in amsa. Ka ce ka gina manhajar haɗa maki da fitar da katin sakamako don makarantu masu zaman kansu, kai kaɗai, da kwamfutarka da ɗan abin da kake ragewa daga albashi, babu mai zuba jari a bayanka. Makarantu biyu a Samaru da ɗaya a Tudun Wada, duk a Zariya, sun gwada sun yaba. Yanzu kana tsaye tsakanin hanya biyu: ko ka bar wani kaso kyauta har abada, mai son ƙari ya biya, ko ka ba da gwaji na ɗan lokaci, in ya ƙare kowa ya biya. Duka biyun na bi su da tawa manhajar ta lissafin kaya da bashi ta masu kemis, don haka bari in ajiye maka su gefe da gefe yadda na gan su.

Gwaji ɗanɗano ne irin na mai kilishi. Ya yago maka yanki, ka tauna, nan take ku biyun kun san ko akwai ciniki. Kyautar dindindin kuwa kamar ka kafa rumfa a ƙofar shagonka ka shimfiɗa tabarma, kowa ya zo ya zauna iya son ransa, kai kuma kana fatan wata rana wasu cikinsu su shigo su saya. Duka kasuwanci ne na halak. Abin tambaya shi ne wa zai riƙa biyan kuɗin rumfar kafin masu sayen su shigo, kuma har tsawon wane lokaci aljihunsa zai jure.

Mu fara da lissafi, tunda can ne hanyoyin biyu suka fi nisa da juna. Lokacin da Dropbox, kamfanin ajiye fayil a intanet, ya shiga kasuwar hannun jari a 2018, takardunsa sun nuna masu rajista sama da miliyan 500, masu biya kuwa wajen miliyan 11. Kusan mutum biyu ke nan cikin ɗari. Kamfanin ya iya ɗaukar nauyin sauran casa'in da takwas ɗin ne saboda kuɗin masu zuba jari sun riƙe shi shekaru, kuma duniya ce kasuwarsa. Kai fa? Ka ƙirga makarantun da za ka iya kaiwa daga Kwangila zuwa Shika, daga Wusasa zuwa Dogarawa, ka ƙara da na cikin ganuwa. Ko ka haɗa da Kaduna da Funtuwa da Kano, zancen dubbai kake yi, ba miliyoyi ba. Mu ƙaddara makarantu 100 sun shiga kyauta, uku sun biya naira 30,000 a zango. Ka tashi da 90,000 cikin wata huɗu, kana hidimar makarantu ɗari. A ɗaya ɓangaren, mu ƙaddara ka taka da ƙafarka ka ga masu makarantu ashirin, takwas sun yarda su gwada, huɗu sun biya bayan gwaji. Ka tashi da 120,000, kana hidimar huɗu. Misali ne na ƙirƙira don ka ga siffar abin, ka sa naka alƙaluman, amma siffar ba za ta sauya sosai ba.

Sannan ka tuna da kuɗin me kake biyan rumfar. Hayar saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan makarantun a intanet, yawanci da dala ake biya, kai kuma naira kake karɓa. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sabar dala 20 a wata da take cin naira dubu tara da 'yan kai ta koma dubu talatin ba tare da ka ƙara ko abokin ciniki ɗaya ba. A farkon 2025 kuma hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, data da saƙon tes duk suka tashi. A tsarin gwaji, wanda ba ya biya yana cin kuɗinka na 'yan makonni ne ya wuce. A tsarin kyauta, hotunan ɗalibansa da makinsu suna zaune a sabarka zango bayan zango, suna ƙaruwa.

Amma wallahi ba kuɗin saba ne ya fi gajiyar da ni ba, lokaci ne. A shekarar da na buɗe tawa kyauta, wani mai kemis a Sabon Gari ya kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, muryarsa na rawa, wai manhaja ta nuna masa giɓin kuɗi mai yawa, yana shirin sallamar yaron shagonsa da safe. Bayan asuba na hau acaɓa na tafi. Muka zauna a bayan kanta, ya ɗauko tsohon littafinsa mai bangon kwali da ya sha maiƙo, muka bi layi-layi. Ashe yaron kwalin magani guda ya shigar a matsayin kati ɗaya. Ba sata ba ce, kuskuren shigarwa ne. Na ji daɗi yaron ya tsira da aikinsa, har yau ina jin daɗin hakan. Sai dai rabin yinina ya tafi, kuma mutumin bai taɓa biyan ko sisi ba, ba don rowa ba, don ni ne na ce masa kyauta ne. Irinsa sun kai gomomi a wayata. Masu biya ƙalilan ɗin da nake da su sai suka zama su ne ke jiran layi. Kai naka zai fi haka tsanani, domin duk makarantu a mako biyu ɗaya suke haɗa sakamako. Ka yi tunanin malaman jarabawa ashirin suna kiranka a daren jajibirin ba da hutu, wannan matsayin ɗalibai ya rikice masa, wancan firinta ta yanke gefen kati.

Akwai kuma bambancin irin mutumin da kowace hanya take jawo maka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya shiga kyauta, ba wa'adi, sau da yawa zai shigar da aji ɗaya ya ajiye, ya ce sai an samu sarari. Sarari kuwa ba ya zuwa a makaranta. Wanda ya san gwajinsa zai ƙare zai tara fom-mastoci ranar Asabar su shigar da sunaye, domin yana son ya ga amfanin abin kafin ya fitar da kuɗi. Kuma ƙorafin mai biya ya fi na mai kyauta amfani gare ka. Mai biya zai ce maka makin gwaji a makarantarsu 40 ne, jarabawa 60, wata kuma 30 da 70, ka ba su damar sauyawa. Ko ya ce sashen Islamiyya yana son kati da sunayen darussa da Larabci. Wannan shi ne abin da ke gina manhaja.

To ina kyauta ta fi? Ba zan ɓoye maka ba, tana da wurin da babu kamarta. Idan mai amfani da ita, ta hanyar amfanin kansa, yana kawo maka wasu, to kyautar talla ce. Zoom ya bar taro kyauta na minti 40, kuma duk wanda aka tura wa gayyata ya san Zoom ke nan. Mailchimp, kamfanin tura saƙon imel ga abokan ciniki, ya fi kusa da halinka, tunda su ma ba su karɓi kuɗin masu zuba jari ba. Ben Chestnut da Dan Kurzius sun kafa shi a Atlanta ta Amurka a 2001. Da suka buɗe kaso na kyauta, cikin shekara ɗaya masu amfani suka tashi daga 85,000 zuwa 450,000, saƙonnin masu kyauta na ɗauke da tambarin kamfanin a ƙasa. A 2021 Intuit ya saye shi kan wajen dala biliyan 12. Kowa wannan ƙarshen yake ba da labari. Abin da nake so ka lura da shi shekara ce: a 2009 suka buɗe kyautar, shekara takwas bayan kafuwa, suna da masu biya, suna da riba, sun san abin da kowane mai amfani yake ci musu. Ba da ita suka fara ba.

Kai ma kana da ɗan irin wannan tallan, kuma ba sai ka ba da kyauta za ka same shi ba. Kowane katin sakamako gida yake shiga. Ka roƙi izinin makaranta ka sa sunan manhajarka da lambarka da ƙananan haruffa a can ƙasa. A garin da ke da ABU da Nuhu Bamalli da jami'ar ilimi ta Gyallesu, cikin iyayen da za su riƙe katin nan akwai malamai da masu makarantu da yawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne wace hanya ce ake iya juyawa daga gare ta. Daga gwaji zuwa kyauta sauƙi ne, ran da ka buɗe kowa zai sa maka albarka. Daga kyauta zuwa biya kuwa rigima ce. Evernote, manhajar ajiye rubutu, ya yi shekaru da kyauta mai faɗi, a 2016 ya taƙaita ta ga na'ura biyu, a ƙarshen 2023 ya rage ta zuwa rubutu 50. Heroku, kamfanin hayar saba da yawancinmu muka koyi ɗora aiki a kansa, ya rufe kasonsa na kyauta a Nuwamban 2022. Su suna nesa, fushin mutane a intanet ya tsaya. Kai kuwa mai makarantar da ka ce wa kyauta ne har abada za ka haɗu da shi a sahun Juma'a, ko a ɗaurin aure a Ƙofar Doka, kuma masu makarantu sun san juna, suna da ƙungiyarsu. Magana zarar bunu ce. Kalmar "har abada" kada ta fito daga bakinka sai ka tabbata za ka iya riƙe ta.

Ko shingen kyautar ma sai an yi hattara. In ka ce ƙasa da ɗalibai 50 kyauta ne, za ka ga makaranta ɗaya ta yi rajista uku, nazare daban, firamare daban, sakandare daban, kowacce ƙasa da hamsin. Ni da na ce kaya 100 kyauta, haka aka yi min.

Don haka ni dai gwaji nake ba ka shawara, amma ba na kwana 30 da ake kwaikwayowa daga waje ba. Wata ɗaya a tsakiyar zango ba ya nuna komai, domin amfanin manhajarka a makon haɗa sakamako yake bayyana. Ka ba da zango guda cur, ka faɗi farashin tun ranar farko, a rubuce, da sa hannun mai makaranta. Kada ka karɓi sama da makarantu biyar ko shida a zangon, iya waɗanda za ka iya zuwa da kanka ka zauna da malamin jarabawarsu. Neman kuɗi kuma ka bari sai mako na biyu ko na uku na sabon zango, lokacin da kuɗin makaranta ke shigowa, ba ranar hutu da aka biya albashi asusu ya bushe ba. Ka yi farashin bisa kan ɗalibi, ya fi sauƙin shiga lissafin mai makaranta, ƙarama ta biya kaɗan, babba ta biya da yawa. Kada ka dogara da cire kuɗi daga katin banki kai tsaye duk wata, mutanenmu tiransifa suka saba da ita, su ga alat su huta. In ka bi ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100, ba ya wuce 2,000, ka sa shi cikin farashi. Ka yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da shi, makaranta ta fi sakin jiki ta tura kuɗi can fiye da asusun sunanka.

Wanda ya gama gwaji bai biya ba, ka ba shi bayanansa cikakku a fayil ɗin Excel, ka yi masa godiya, bayan wa'adin da kuka yi ka goge su daga sabarka. Sunaye da hotunan 'ya'yan mutane amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana kanka. Kada ka taɓa kulle sakamakon yara don ka matsa wa mai makaranta.

In har zuciyarka na son ka ba da wani abu kyauta, ga inda zan yarda: ƙaramar manhaja ta malami ɗaya da aji ɗaya, mai aiki a cikin wayarsa ba tare da intanet ba, ta haɗa masa maki ta jera matsayi. Ba ta taɓa sabarka, ba ta cin dalarka, kuma malamin da ta rage wa dare uku na kalkuleta shi zai kai maganarka ofishin hedimasta. Wannan ma ka bar ta sai makarantun da ke biya sun kai goma, kuɗinsu na ɗaukar saba da data da man zirga-zirga. Yanzu ka koma wurin makarantu ukun nan da suka yaba, ka faɗa musu farashin zango mai zuwa, ka dawo ka gaya mana abin da kowacce ta ce.