Darasin Japananci kan neman ceto a wata cibiya a Kano

Na yi makonni shida ina zuwa wata cibiyar koyar da harsuna da ke kan titin Gidan Zoo, saboda shirin tafiya karatu Japan, kuma sashen da ya fi amfanar da ni shi ne wanda malamin ya keɓe ga maganar haɗari da ceto. Mu a Kano mun saba da gobarar kasuwa da ambaliyar damina, amma girgizar ƙasa baƙuwa ce gare mu, don haka na ji daɗi da ya fara da "jishin", girgizar ƙasa, da "hinanjo", wurin fakewa, kafin ya zo kan "tasukete", wato a taimake ni, da "abunai", wadda ake faɗa da ƙarfi idan an hango haɗari.

A nahawu ne ya nuna gwaninta. Ya bambanta "tasukeru" da "tasukaru" ta hanyar kwatanta su da tserar da mutum da kuma tsira, nan take abin ya zauna mini. Ya kuma daɗe a kan "nigete kudasai", don Allah ku gudu, da "nigero", umarni kai tsaye ba tare da ladabi ba, yana bayyana cewa bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 11 ga Maris 2011 masu shela a Japan sun ƙara tsananta lafazinsu domin mutane su tashi da gaggawa. Haka nan "osore ga aru", akwai fargabar aukuwar abu, wadda ke yawan fitowa a sanarwar yanayi. Mun kuma gwada kiran lamba 119, inda za a tambaye ka "kaji desu ka, kyukyu desu ka", gobara ce ko motar asibiti ake bukata; ta 'yan sanda kuwa 110 ce.

Inda darasin ya gaza shi ne rubutu. Kusan komai da haruffan boko aka koya mana, alhali allunan gargaɗi a can da kanji, wato haruffan da Japananci ya aro daga Sinanci, ake rubuta su, kuma wanda bai taɓa ganin "kiken", wato haɗari, a rubuce ba, zai iya wuce alamar haɗari bai sani ba. Na faɗa wa malamin haka, ya karɓa hannu biyu, ya ce zai ƙara mako guda ga ɗalibai masu zuwa. Wanda zai yi rajista ya tambaya tun farko ko an ƙara wannan makon.