Gishirin Epsom cikin ruwan ƙanƙara: na gwada sati 6, ga abin da na gani

Tun da na haura shekara 30 jikina ya daina yafe min ƙwallon yamma. Da can sai mu buga Asabar mu sake bugawa Lahadi kuma Litinin na tashi garau, yanzu kuwa wasa ɗaya in dai an yi gudu sosai sai cinyoyina da sha-raɓa su yi tsami kwana biyu, har ruku'u da sujada sai na bi a hankali. Wannan ne ya sa na fara shiga ruwan ƙanƙara bayan wasa, kuma gaskiya ya taimake ni. Sai kuma na riƙa cin karo da bidiyoyi a waya inda ake zazzage gishirin Epsom a cikin ruwan ana cewa shi ne sirrin, wai tsoka za ta sha sinadarin maganiziyam da ke cikinsa ta fata ta saki. Na ce bari na saya na gani da idona.

A wani babban kemis na same shi a leda, kuma ba shi da araha ko kaɗan, kuɗinsa zai saya min ƙanƙarar wanka ta kusan wata guda. Yaron shagon har ya tambaye ni, "Yallaɓai na sha ne ko na wanka?" Na ce na wanka. Ya ce to a kula kar yara su lasa, don yana sa gudawa. Ashe gaskiyarsa ne, gishirin nan tun asali maganin wankin ciki ne, har a cikin Andrews ɗin da muka tashi muka ga iyayenmu na kaɗawa a kofi akwai shi. Sunan ma na wani gari ne a Ingila, Epsom, kudu da Landan, inda tun wajen 1618 aka lura da wani ruwa mai ɗaci da shanu suka ƙi sha, daga baya aka gano gishirin da ke cikinsa. Ba gishirin miya ba ne, kama kawai suka yi a ido, shi ƙwayoyinsa sun fi girma kamar sukari mai gautsi, ba ƙamshi, a harshe kuma ɗaci ne zalla.

Ga yadda nake haɗa nawa wankan. Shuɗin durom ɗin roba ne na sa aka yanke min samansa, nakan juye jarka 4, wato lita 100 ke nan, in na zauna na naɗe ƙafa ruwan yana kawo min cibiya. Matsalar ita ce lokacin bazara a Kano ruwan jarka kansa ɗumi gare shi, yana kaiwa digiri 30, alhali abin da ake so shi ne tsakanin 10 da 15, a zauna minti 10 zuwa 15. Kafin lita 100 ta sauko nan sai ka zuba ƙanƙarar da ta kai kilo 15 zuwa 20, kuma duk wanda ya san yadda ƙanƙara ke tsada idan wuta ta yi wuya, balle da azumi, ya san ba ƙaramin abu ba ne. Na sayi ɗan ma'aunin zafi don kar na riƙa yaudarar kaina. Wata Asabar na sa gishiri wata na bari, haka na yi ta juyawa har sati 6, kuma kullum da safe nakan rubuta a waya yadda ƙafafuna suka kwana.

Ranar farko na yi kuskure, na zazzaga kofi 2 kai tsaye cikin ruwan bayan na riga na sa ƙanƙara. Bai narke ba. Ya je ya kwanta a gindin durom, ina zama na ji shi yana sukar dunduniyata kamar tsakuwa, na yi ta motsawa da ƙafa har lokacina ya cika amma da na zubar da ruwan sai ga ragowarsa fari fat a ƙasa. A jikin ledar ma da na koma na karanta da kyau ruwan ɗumi suka ce, ba su ambaci ruwan sanyi ba. Daga nan sai na koma narkar da shi a bokiti da ruwan zafi tukuna sannan na juye, wanda shi kuma yana ɗan ci min ƙanƙara. Wani abin kuma, in akwai ƙujewa a gwiwa, kuma wa ke buga ƙwallo a filin ƙasa ba ƙujewa, to za ka san ka shiga gishiri, raɗaɗi yake yi sosai. In ka fito ba ka ɗauraye ba kuma fata takan bushe ta yi fari-fari kamar lokacin hunturu.

To batun tsamin jiki fa, wanda shi ne dalilin sayen? Wallahi ban ga bambanci ba. Ranakun da na sa gishiri da ranakun da ban sa ba duk ɗaya suke a rubutuna, abin da ya fi canza yadda nake tashi shi ne ko ruwan ya yi sanyi yadda ya kamata, da ko na samu barci. Asabar ɗin da ƙanƙara ta yi min kaɗan ruwan ya tsaya a 22, ranar da gishiri a ciki har kofi 3, amma washegari da ƙyar na taka matakalar masallaci.

Na kai wa yayata maganar, ita ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren haihuwa. Ta karɓi ledar ta juya ta karanta ta ce, "Kai wannan ai shi ne maganin da muke yi wa masu jijjiga allura." Ta ce a wajensu magani ne mai ceton rai, amma ta jijiya ko ta tsoka ake ba da shi da awo, ana lura da numfashin mace da fitsarinta. Ta ce fata kuwa an yi ta ne don ta tare abu, ba kamar soso take ba, kuma har yau babu wata hujja mai ƙarfi cewa maganiziyam na ratsa lafiyayyar fata da yawan da zai yi wa tsoka wani abu. Sai ta ƙara min da abin da ya tsaya min a rai, ta ce kai da ka shiga sanyi don jijiyoyin jinin fata su tsuke, ta ina kake so ya bi ya shiga? Na zauna na yi lissafi ma, rabin kilo a lita 100 bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba, ruwan teku ma gishirinsa kashi 3.5 ne, sannan maganiziyam ɗin da ke cikin gishirin kansa kusan kashi 10 ne kawai na nauyinsa, sauran salfet ne da ruwa. Waɗancan tankunan da ake nunawa mutum na yawo a saman ruwa ɗaruruwan kilo ake zuba musu, ba kofi 2 ba.

Ba wai kayan ba shi da kyau ba ne, a'a. Tsaf yake, ba datti, kuma inda na ji daɗinsa shi ne a ruwan ɗumi. Ranar da na wuni a tsaye a kasuwa na dawo na zuba rabin kofi a baho na tsoma ƙafa minti 20, na ji sakayau, kaushin dunduniya ma ya yi laushi. Ko ɗumin ne ya yi aikin ko gishirin, ni dai na ji daɗi kuma na yi barci. Amma a ruwan ƙanƙara asarar kuɗi ce a ganina, kuma abin da ke damuna shi ne ƙannenmu 'yan ƙwallo da ba su da ko kuɗin takalmi mai kyau suna ganin bidiyon nan suna ɗauka sai da shi. In maganiziyam kake nema yana cikin gero da wake da gyaɗa da riɗi da alayyafo, fura da ƙosai ma sun fi wannan ledar kai shi inda ake so.

Shi kansa ruwan sanyin ba na kowa ba ne, wannan ina roƙo a ji shi da kyau. Mai sikila kada ya kusance shi ko da wasa, sanyi na tayar da ciwon. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tambayar likita, domin daƙiƙun farko numfashi na sarƙewa bugun zuciya ya ƙaru jini ya hau, ni kaina har yanzu sai na riƙe bakin durom na yi ta jan numfashi kafin na daidaita, kuma ba na shiga sai ƙanina na tsakar gida. Mai ciwon suga da ke da rauni a ƙafa shi ma ya bar jiƙa ƙafa a gishiri. Masu ɗaga ƙarfe kuma, akwai binciken da aka yi a Ostareliya a 2015 da ya nuna shiga ruwan sanyi kullum bayan ɗaga ƙarfe yana rage girman da tsoka ke yi, don haka ya fi dacewa da ranar wasa, ba kowane tirenin ba.

In maki zan ba shi, a ruwan ƙanƙara 1 cikin 5, a bahon ruwan ɗumi 3. Ba zan sake saye don durom ba. Ragowar yana nan a kwalba na ɗora saman wadurof inda hannun yara ba zai kai ba, Asabar ɗin nan kuma kuɗinsa na ƙara wa mai ƙanƙara ya kawo min bulo 2 a kan na kullum, ruwan ya sauko har 12.