INA219 a binciken sola a Kebbi: yana da kyau, amma ku san iyakarsa

Duk ɗalibin digiri na biyu a fannin lantarki da kwamfuta, a Aliero yake ko Birnin Kebbi, da ya ɗauki aikin auna yadda ƙurar hunturu ke rage wutar faifan sola, zai ci karo da INA219. Ɗan guntun na'urar awon wuta ne na kamfanin Texas Instruments, ana sayar da shi manne a ƙaramin allo. Yana auna bolt da amfiya da wat lokaci guda, ya miƙa wa ƙaramar kwamfutar allo irin Arduino ko ESP32 ta wayoyi biyu, SDA da SCL, na hanyar aika bayanai da ake kira I2C. A kan Arduino Uno, SDA na zuwa ƙafar A4, SCL kuma A5. A ESP32 ƙafa ta 21 da ta 22 ne. Ga araha, ga sauƙin haɗawa.

Inda ya fi burgewa shi ne aikin kwatanta faifai biyu, ɗaya ana goge shi kowace safiya, ɗaya a bar ƙura ta taru. Kowane faifai da allonsa na INA219, kuma adireshin da ake gane allon da shi a kan I2C na asali 0x40 ne. Ku liƙe wurin A0 na allo na biyu da dalma, ya koma 0x41, sai duka biyun su hau wayoyin I2C iri ɗaya ba rikici.

To, iyakar fa? Bolt 26 ce ƙarshensa. Ƙaramin faifan da ake kira na bolt 12 yakan kai 21 zuwa 22 in ba a ɗora masa kaya ba, kuma da sanyin safiyar hunturu yana ɗan ƙaruwa. Wannan ba damuwa. Amma manyan faifan da ake ɗora wa rijiyar burtsatse suna wuce bolt 35, nan take za su ƙone shi. Sannan resistan awon da ke kan allon, mai rubutun R100, om 0.1 ne, ba ya auna sama da amfiya 3.2. Faifan wat 50 ya shiga da ƙyar, na wat 100 mai ba da kusan amfiya 6 bai shiga ba. Ko a amfiya 3, resistan na ƙona kusan wat ɗaya ya zama zafi. Ku haɗa da ranar Afrilu a Kebbi, da ke haura digiri 40, cikin rufaffen akwatin roba a kan kwano: awon zai fara karkata. A ajiye akwatin a inuwa, a huda masa ƙofofin iska.

Ana iya cire R100 a sa na om 0.01, amma manhajar kamfanin Adafruit da aka saba karanta INA219 da ita tana lissafi ne da 0.1. In ba ku gyara ba, amfiya 6 za ta fito 0.6. Siraran hanyoyin tagulla na allon ma ba su son wuta mai yawa, gara resistan ya zauna waje da waya mai kauri.

Matsalar da ta fi ɓata bayanai ita ce na'urar cajin batir irin wadda ake kira PWM. Tana datse wutar ne tana saki, don haka lambobin sai su riƙa tsalle. Ku saita guntun ya haɗa awo 128 ya fitar da matsakaici, abin da ke ɗaukar kusan milisakan 68. Da yawa daga cikin na'urorin cajin masu araha kuma ta ɓangaren nagatif suke datsewa, ke nan nagatif ɗin faifai da na batir ba ɗaya ba ne. Wanda ya haɗe su ta GND, wato ƙafar nagatif ta Arduino, ya tsallake na'urar cajin bai sani ba.

Wayoyin I2C kada su wuce rabin mita. Kafin ɗaukar bayanan da za ku kai gaban malamin da ke duba aikinku, ku gwada kowane allo da mita mai inganci a matakai biyar, daga amfiya 0.5 zuwa 2.5, ku rubuta bambancin a babin hanyar bincike. Allunan kasuwa ba sa zuwa daidai da juna, kuma bambancin alluna biyu zai iya shige muku a matsayin illar ƙura. In za ku yi oda, ku sayi uku. Mai faifan da ya kai har bolt 36 kuwa, INA226, wani guntun awo irin wannan, ya kamata ya nema.