Atomic Bent 110: Kayan Sallar Da Na Saya Wa Yaron Nan, Bayan Hunturu Guda A Kan Dutse

Ni dai ban taɓa ɗora ƙafata a kan allon zamiya ba, wato ski, dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a gangaro dutse a kan dusar ƙanƙara, kuma ba ni da niyya. Shekara 11 ke nan muna zaune a kwarin Salt Lake, a jihar Yuta ta Amurka, amma har yau in dusar ƙanƙara ta sauka, abin da ke haɗa ni da ita bai wuce sharar ƙofar gida da lallaɓa mota zuwa wurin aiki ba. Mai wasan shi ne yaron nan, babbansu, wanda kun san ba za ku ji sunansa a bakina ba. Nawa aikin biyan kuɗi ne da addu'a. To tunda jakata ce ta ji jiki, ina ganin ina da bakin magana.

Hunturun 2022 zuwa 2023 ne ya ja mini wannan hidima. A shekarar dutsen Alta, wanda ke can ƙarshen kwazazzabon Little Cottonwood, ya samu dusar ƙanƙara inci 903, kusan mita 23, abin da ba su taɓa gani ba tun da suka fara ƙirge. Lokacin yaron yana da shekara 13, yana hawa da wasu siraran alluna da Abbansu ya samo masa a gwanjo, faɗin ƙugunsu, wato tsakiyarsu inda ƙafa ke zama, milimita 85. Kullum ya dawo sai ƙorafi: "Umma, nitsewa nake yi. Abokaina suna sama, ni ina haƙa."

Da farko na ɗauka sangarta ce. Sai da na fahimci irin dusar da ke sauka a duwatsun nan. Busasshiya ce, ruwan cikinta kaɗan ne, in ka damƙa ma ba ta dunƙuluwa, sai ta zube ta tsakanin yatsu kamar garin da aka tankaɗe. Su da Turancinsu hoda suke ce mata, mu ma a gida hodar muke cewa. Duk wanda ya taɓa ganin siririyar tayar keke ta kafe a rairayi ya gane matsalar: abu mai faɗi shi ke tafiya a sama. Allon hoda ke nan, faffaɗa, baki da wutsiya a ɗage kamar kwale-kwale. Shi kuma yaron ba gangarowa kawai yake so ba. Yana son tsalle, da juyi a iska, da sauka da baya ya ci gaba da tafiya a haka, wasan da suke kira firistayil. Wannan ke buƙatar allon da wutsiyarsa ta ɗaga sama kusan daidai da bakinsa, don kada ta caki dusar in an juya.

Shi ya riga ya yanke abin da yake so: Bent Chetler 120, na kamfanin Atomic na ƙasar Ostiriya. Sunan daga Chris Benchetler ne, ɗan wasan Kalifoniya wanda da shi ake tsara allon, kuma shi ke zana hotunan da ke jikinsa da hannunsa. Yaron ya kalli bidiyonsa har ya haddace. Lambar 120 ɗin faɗin ƙugu ce da milimita. Ni kuma nawa lissafin daban ne, irin na iyayenmu mata in an kai ɗinkin sallah: a sake shi sosai, yaro ne, zai girma ya cika shi. Na ƙudura a raina duk wanda za a saya sai mai tsawon santimita 180 ko fiye, ya yi masa shekara huɗu.

Shagon farko da muka shiga, wani babba ne mai sayar da komai daga tantin kwana a daji har takalmin gudu. Saurayin da ya tare mu tsayin yaron kawai ya tambaya, ya jingina allo a jikinsa, ya ce ya yi. Bai tambayi nauyinsa ba, bai tambayi inda yake wasa ba. Ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya fi haka bincike. Na ce mun gode, muka fito.

Na biyun ƙaramin shago ne kusa da bakin kwazazzabon, mai warin kakin da suke shafa wa alluna. Wani dattijon Bature ne a wurin gyara. Ya sa yaron ya hau sikeli: kilo 56, tsawo santimita 168, shekara 14 a lokacin. Sannan ya yi masa tambayar da ta kashe bakinmu duka. Ya ce, a cikin kwanakin da ka hau dutse bana, nawa ne ka tarar da sabuwar hoda har gwiwa, nawa ne kuma ka zo bayan an tashi makaranta, jama'a sun riga sun tattake ta? Yaron ya yi shiru yana ƙirge da yatsu. Gaskiyar ita ce ɗan makaranta ba ya zaɓen ranarsa. Dusa ta sauka ranar Talata da asuba, shi yana aji. Yawancin hawansa a Brighton ne, wani dutsen wasan na yankinmu, da yamma ko da dare a ƙarƙashin fitilu, sai Asabar da Lahadi in an yi sa'a.

Dattijon bai ce mu sayi komai ba. Ya ce mu yi hayar gwaji, kuma in mun saya a wurinsa zai cire kuɗin hayar daga farashi. A Fabrairun 2024, kafin azumi, yaron ya gwada guda uku 'yan gida ɗaya: Bent 100, da Bent 110, da shi gwanin nasa 120.

Nan gani ya kori ji. Mai 120 ɗin mafi gajartarsa santimita 176 ne, an yi shi ne don manya masu ƙarfin cinya. Da safe a cikin sabuwar hoda yaron ya ce kamar a mafarki. Zuwa azahar, da hanya ta zama gargada, sai ya sauko yana dafa gwiwa, don karkata allo mai faɗin haka ya kama da kaifin gefensa aiki ne, kuma kilo 56 bai isa ya danne shi yini guda ba. Mai 100 ya fi masa sauƙi a kan hanyoyin da mota ta daɓe da kuma filin tsalle, sai dai bai yi nisa sosai da tsohon nasa ba, wanda har yanzu yana da rai. Mai 110 ne ya zauna a tsakiya. Da na tambaye shi a mota, bai so ya amsa ba, don ya sha cika baki a gaban abokai. Can sai ya ce, "Umma, na tsakiyan dai."

Saura tawa rigimar, ta tsawo. A nan ban fāɗi gaba ɗaya ba. Dattijon ya kwantar da allon a kan tebur ya nuna mini yadda gaba da baya suka tashi daga ƙasa tun da nisa, tsakiyar ce kawai ke taɓa tebur, da ɗan doro a ƙarƙashin inda ƙafa ke zama. Ya ce saboda haka allo irin wannan a ƙafa ya fi gajarta a kan abin da aka rubuta a jikinsa, don haka ba laifi ya kai tsayin yaro ko ya ɗara shi kaɗan. Amma 180 ga mai tsawon 168 da ke son juyi a iska, ya ce wannan neman karaya ne: duk abin da aka ƙara a baki da wutsiya nauyi ne da sai ya juya shi kafin ya sauka. Muka tsaya a 172. Na samu santimita 4 na "zai girma", na haƙura da sauran.

Mun jira ragin ƙarshen kakar wasan, wanda a shekarar ya faɗo dab da ƙaramar sallah ta watan Afrilu. Na ce masa to, ga shaddarka ga takalminka, kada in ji maganar ɗinki. Da tsohuwar kaftaninsa ya je idi, ko a jikinsa.

Abin da ban sani ba sai a wurin biya shi ne, allon tsirara ake sayar da shi. Maƙalin da ke riƙe takalmi daban ne, da kuɗinsa. A nan ne na fi sa ido, kuma a nan nake roƙon duk uwa ta sa ido, domin shi ne abin da ke sakin ƙafa in yaro ya fāɗi, kafin gwiwa ta murɗe. Ƙarfin riƙonsa da lamba ake auna shi, ma'aunin DIN, kuma ana fitar da lambar ne daga nauyin mutum, tsayinsa, shekarunsa, tsawon tafin takalminsa da irin wasansa. Yaron yana hangen masu manyan lambobi, irin na 'yan bidiyo. Aka sa masa Marker Squire 11, mai lamba 3 zuwa 11, mara nauyi, da birkin da ke tsayar da allo in ya fita daga ƙafa, mai faɗin 110 daidai ƙugun allon, aka ɗaure a kan 6. Na ce masa a gaban dattijon, ranar da na ji ka sa sukundireba ka ƙara lambar nan da kanka, ranar allon zai koma shago. Ya kuma so a dasa maƙalin a tsakiyar allo cif, yadda 'yan filin tsalle ke yi don juyi ya daidaita. Dattijon ya ce in aka yi haka bakin zai gajarce, ya riƙa nitsewa a hoda, wato an sayi abin an kuma kashe amfaninsa. Aka bi layin da kamfanin ya zana. Huda allo ba ɗinki ba ne da za a farke a sake sau goma.

Yanzu ya yi hunturu guda cur da shi, na 2024 zuwa 2025. Ga abin da na gani da wanda ya faɗa mini.

Rashin nauyinsa shi ne babban abin yabonsa. Kowane ɗaya, in ban da maƙalin, bai kai kilo 2 ba, har ni ina ɗaukarsu daga but ɗin mota ba tare da nishi ba, kuma yana shiga bas ɗin da ke kai 'yan wasa dutse da su a kafaɗa, ya hutar da ni bin layin motocin nan da 'yan gari ke kira jan maciji. Ga yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bakin allon da wutsiyarsa an ɗan naɗe gefensu sama kamar cokali, abin da Atomic ke kira HRZN, kuma ya ce shi ya sa in ya murza gefe a cikin hoda ba ya harɗe shi. Ƙorafin nitsewa ya ƙare. Wata Asabar a watan Fabrairu na bi su Alta, na zauna a ɗakin shan shayi da kofina ina leƙe ta taga. Na ga wani ya sulmiyo daga cikin itatuwa, dusa na tashi har ƙirjinsa, ya daka tsalle daga wani ɗan tudu ya juya ya sauka da baya. Sai da na gane hular kwanonsa sannan gabana ya fāɗi. Na yi salati da ƙarfi har matar da ke kusa da ni ta waiwayo.

Wanda ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. Allo mai faɗin 110 ba na ranar da dutse ya daskare ya zama gilashi ba ne, kuma allo mara nauyi ba ya ratsa tattakakkiyar dusa yadda mai nauyi da ƙarfe a ciki ke yi. Wannan halin duk irinsu ne, ko na wane kamfani, dattijon ma ya faɗa mana tun kafin mu biya. A irin ranakun nan, da kuma daren da zai hau ƙarafunan filin tsalle masu cinye kaifin gefe, tsohon nasa na gwanjo yake ɗauka. Da mun sayar da shi yadda Abbansu ya so, da mun yi da-na-sani. Wanda ɗansa allo ɗaya tak zai mallaka, ko yake zaune a inda hoda ba ta cika sauka ba, kamar gabashin Amurka inda dusar ta fi jiƙa ta kuma fi daskarewa, ni mai 100 zan nuna masa. Mai 110 na wanda ke kusa da duwatsu irin namu ne, kuma yaron ya riga ya iya, ba ɗan koyo ba.

Akwai abin da allon ya kawo wanda ba a rubuta a takardarsa ba: ya ba yaron ƙafar shiga inda da ba ya iya shiga. Cikin itatuwa, inda dusa ke barin rami mai zurfi a gindin bishiya a ƙarƙashin rassa, mutum ya afka da ka ya kasa fitowa. Don haka dokokin gidanmu suka ƙaru. Ba shiga itatuwa shi kaɗai, sai da abokin da ke ganinsa. Ba tsallaka igiyar iyaka, don bayanta ba mai kula da zaftarewar dusa. Hular kwano kuwa ba a ma tattauna ta.

Da aka rufe dutse na mai da allunan shagon dattijon, ya wasa gefen, ya cike wani ɗan karce da dutse ya yi a ƙasan, ya shafe su da kaki mai kauri don ajiyar bazara. Ya sake ɗora yaron a sikeli: kilo 61, tsawo 174. Allon da ya ɗara shi bara yanzu shi ya ɗara shi, amma dattijon ya ce zai ƙara masa hunturu ɗaya lafiya lau, mu dai dawo a Nuwamba a sake auna maƙalin tunda nauyi ya canja. Ƙanwarsa, mai shekara 12, ta riga ta je ta tsaya a jikinsu a gareji tana gwada tsayi. Muna fita daga shagon yaron ya ce, "Umma, takalmin fa ya fara matse ni."