Kafin ka sayi akwatin sarrafa gida: wa ke ajiye kwafi, wa ke riƙe da mabuɗi?

Mai sayar da kayan sarrafa gida ta waya ya san abin da zai nuna maka. Fitilun tsakar gida su kunna kansu da magariba, gyat ya buɗe tun kana kan kwana, injin rijiyar burtsatse ya tashi idan tanki ya yi ƙasa, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu da zarar batirin sola ya fara rauni. Duk gaskiya ne. Abin da ba zai nuna maka ba shi ne ranar da manhajar akwatin ta sabunta kanta, ta tashi da wani hali daban, ko kuma aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabuntawa. Ranar ce za ka san abin da ka saya.

Shi ya sa nake ganin kafin a yi maganar launi ko yawan na'urorin da akwati ke ɗauka, a fara tambaya: yana ajiye kwafin tsarin gidan da kansa? A ina? Idan ya kulle kwafin, mabuɗin yana hannun wa?

Kullewar ba ado ba ce. Cikin wannan kwafin akwai kalmar sirrin kyamarorinka, da izinin shiga asusun da ka haɗa, da mabuɗin da na'urorin Zigbee (wata hanyar sadarwar rediyo tsakanin kayan gida) ke gane juna da shi, har da tarihin lokacin da ake buɗe ƙofa da lokacin da gida ke zama ba kowa. Wanda ya sami wannan fayil a buɗe ya san gidanka fiye da maƙwabcinka.

Mu fara da wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, wato soket da ƙwan fitila da makunnai masu aiki da manhajar Tuya ko Smart Life. Suna da araha, kuma yaro ma zai iya haɗa su. Sai dai tsarin yana zaune ne a sabar kamfani, a ƙarƙashin asusunka. Idan wayarka ta ɓace, ka shiga asusun a sabuwa, komai na nan. Amma babu wani fayil da za ka sauke ka ce ga gidana na ajiye, kuma idan sabuwar manhaja ba ta yi maka ba, babu hanyar komawa tsohuwa. SmartThings na Samsung ya fi su tsari nesa ba kusa ba, tun 2023 ma yana da hanyar ƙaura daga tsohon akwati zuwa sabo, amma a wannan batu dangi ne: kamfani ke sabuntawa a lokacin da ya ga dama, kamfani ke riƙe da kwafi. An ga inda irin wannan ke kaiwa. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe sabarsa ba sanarwa, manhajar wayarsa ta daina aiki, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗu suka sayi kamfanin bayan kimanin wata biyu. Wink kuwa a 2020 ya wayi gari ya ce ko dala 4.99 a wata, ko akwatin ya rasa kusan duk amfaninsa. Don ƙwan fitila uku da fanka, wannan haɗarin bai kai a damu ba. Don makullin ƙofa da kyamara, ni dai ba zan yarda ba.

Hubitat Elevation na Amurka yana aikinsa a cikin gida, ko da intanet ya yanke. Kullum yana ajiye kwafi da kansa a cikin akwatin, kana iya saukewa zuwa kwamfuta kyauta, ba ya sabuntawa sai ka danna, kuma yana da shafin gyara na musamman da ake komawa tsohuwar manhaja ta cikinsa. Wannan na ƙarshen abu ne mai daraja. Raunin Hubitat shi ne kwafin kyautar yana ɗauke da ƙa'idojin da ka tsara da sunayen na'urori, amma ba ya ɗauke da bayanan rediyon Zigbee da Z-Wave, waɗanda akwatin ke gane na'urori da su. Idan akwatin ne ya ƙone ka sayi sabo, sai ka ɗauki tsani ka bi makunni da makunni kana sake haɗawa. Mai son kauce wa wannan sai ya biya Hub Protect, kimanin dala 30 a shekara, wanda ke ajiye har da bayanan rediyon a sabar kamfanin.

Homey Pro, na kamfanin Athom na ƙasar Holan wanda LG ya sayi kashi 80 cikin ɗari nasa a 2024, shi ne mafi kyawun fuska a cikinsu, kuma daga cikin mafi tsada. Ajiyar da ke yin kanta kowane dare ta kuɗi ce, kimanin Yuro ɗaya a wata. Samfurin 2023 yana ba ka damar ɗaukar cikakken kwafi ta igiyar USB zuwa kwamfuta, sai dai da hannu ake yi, kuma abin da ake yi da hannu kowa ya san yadda yake ƙarewa bayan wata na biyu.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Home Assistant, manhajar kyauta da Paulus Schoutsen ya fara a 2013, wadda tun 2024 take ƙarƙashin gidauniyar Open Home Foundation. Ita ce ta fi buƙatar kwafin ajiya, domin kowane wata sai an fitar da sabuwa, kuma kusan kowace na zuwa da jerin abubuwan da ba za su ci gaba da aiki yadda aka saba ba. Shekaru da dama masu amfani da ita suna dogaro da ƙarin manhajojin 'yan sa-kai don ajiya ta yi kanta. Sai a fitowar 2025.1, a watan Janairun 2025, aka saka abin a jikinta: ka zaɓi ranaku, ka faɗi kwafi nawa za a riƙe ko na kwana nawa, ita kuma ta yi aikinta wajen ƙarfe biyar saura kwata na asuba, ta share tsofaffi. Aka kuma kulle kowane kwafi da tsarin AES-128, tare da ba ka wani ɗan fayil na gaggawa mai ɗauke da mabuɗin.

Nan rigima ta tashi. Tsofaffin masu amfani da ita sun saba buɗe kwafi su zaro fayil ɗaya da suka ɓata, sai ga shi an kulle musu ba a tambaye su ba, ko da kwafin yana zaune a na'urarsu ta cikin gida. Suna da gaskiya, kuma an saurare su. Fitowar 2025.2, wata ɗaya bayan nan, ta bar kowa ya zaɓi wurin da za a kulle da wurin da za a bari a buɗe, ta ba da damar sauke kwafi a warware, ta dawo da maɓallin ɗaukar kwafi kafin sabuntawa, ta kuma ƙara Google Drive da OneDrive cikin wuraren ajiya. Wuri ɗaya ne ba a cire masa kulle, wato Home Assistant Cloud na kamfanin Nabu Casa, mai dala 6.50 a wata a farashin Amurka. Yana ba da gigabait 5, kuma kwafi na ƙarshe kawai yake riƙewa. A lura da wannan da kyau: idan matsala ta shigo shekaranjiya ba ka ankara ba, kwafin da ke can ya riga ya haɗiye ta. Don haka ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Mabuɗin kuwa kai kaɗai ke da shi. Nabu Casa ba za su iya buɗe kwafinka ba, wanda ke nufin ba za su iya cetonka ba idan ka ɓatar da shi. Kar ka bar shi a cikin akwatin da zai iya mutuwa, kar kuma ka bar shi a waya ɗaya tilo. Ka rubuta a takarda ka sa cikin takardun gida. Idan wata rana ka canza mabuɗi, ka riƙe tsohon, domin tsofaffin kwafi da shi kaɗai suke buɗewa. Idan kuma mai haɗa kaya ne ya kafa maka tsarin, kar ka biya cikon kuɗinsa sai ya miƙa maka wannan fayil, kuma asusun Google Drive ɗin ya kasance naka ne, ba nasa ba. Mutane na tashi daga gari, lambobin waya na canzawa.

A kan wace na'ura za ka ɗora ta? Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai araha, da katin memori shi ne hanyar da ta fi shahara, shi ne kuma mafi rauni a inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini. Manhajar tana rubuta tarihi a katin ba dare ba rana, wuta ta yanke ana cikin rubutu, kati ya lalace. Akwatin Home Assistant Green, da ya fito a 2023 a kan dala 99 (farashin ya hau tun daga lokacin), yana da ma'ajiyar gigabait 32 a jikinsa, ba kati ba. Tsohuwar ƙaramar kwamfuta mai SSD ma tana yin aikin sosai. Ko wacce ka ɗauka, ka ɗora ta a layin inbata tare da rauta. Home Assistant OS, tsarin da manhajar ke gudana a kansa, yana riƙe gurbi biyu, na sabon tsari da na tsoho, idan sabon ya ƙi tashi sai ya koma tsohon, amma wannan bai shafi ƙa'idojinka da suka karye saboda sabon sauyi ba. Su sai kwafi.

Ga mai zaune a Kano ko Maraɗi akwai lissafin da Bature ba ya yi: biyan dala ko Yuro kowane wata da katin banki, da kuma datar da kwafi ke ci kowane dare. Wannan ya sa ajiyar da ba ta buƙatar biyan wata-wata ta fi nauyi a sikeli. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, kuma idan ka cire bidiyon kyamara da dogon tarihi daga cikin kwafin, zai ragu ƙwarai.

Zaɓina ga gidan da ke da ƙofa da kyamara da famfo a kan tsarin shi ne Home Assistant a kan Green ko ƙaramar kwamfuta, kwafi ɗaya a wata na'ura ta cikin gida, ɗaya kulle a Google Drive, a riƙe na akalla mako guda. Wanda ba ya son zama gaban allo yana karanta bayanin sauye-sauye, Hubitat da Hub Protect zai fi ba shi kwanciyar hankali. Kowanne ka saya, ka gwada maido da kwafi a makon farko tun na'urorin ba su wuce biyar ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar fitowar Home Assistant kuma, bari ta kwana goma kafin ka danna. Yawanci a cikin watan ake biyo ta da ƙananan gyare-gyare.